Daga Goyo Zuwa Aji Ɗaya: Tarihin Shirya Yaro Domin Shiga Makaranta a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin wata makarantar firamare ran da aka ɗauki sababbin yara, ya san iri biyu ne ke zuwa. Akwai yaron da zai saki hannun wansa tun daga ƙofa, ya shiga aji ya nemi wuri ya zauna, in malam ya tambaye shi sunansa da na mahaifinsa ya amsa ba gargada. Akwai kuma wanda zai ƙanƙame rigar wanda ya kawo shi yana kururuwa, in ma an lallashe shi ya shiga, ba zai buɗe baki ba har a tashi. Ga shi kuwa shekarunsu ɗaya, unguwarsu ɗaya, mai yiwuwa ma na biyun ya fi na farkon basira. Abin da ya bambanta su ya wakana ne tun kafin wannan safiya, a tsakar gida da zaure da dandali, kuma sau da yawa shi ke raba wanda zai kai aji shida da wanda zai zame tun yana aji biyu ya koma talla ko kiwo.

Manufar wannan lacca ita ce ta bi sawun yadda Hausawa suka riƙa shirya ƙaramin yaro domin shiga makaranta, da kuma yadda wannan shiri ya yi ta sauyawa. Za a fara da tarbiyyar gida da makarantar allo, sa'an nan a dubi zuwan boko daga 1909, a bi ta kan shirin ilmin firamare na bai ɗaya na 1976, a ƙare da zamanin makarantun reno da taƙaddamar harshen koyarwa. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a duk lokacin da makaranta ta zama ci gaban abin da yaro ya saba da shi a gida, shigarta takan zo masa da sauƙi, a duk lokacin da ta zama baƙuwa kuwa, yaron ne ke shan wahalar baƙuntarta.

Tarbiyyar Gida

A al'adar Bahaushe ta dauri, yaro yakan sha nono har wajen shekara biyu, in lokacin yaye ya zo kuma akan kai shi wurin kakarsa ko gwaggonsa ya yi kwanaki har ya manta da mama. Wannan ita ce rabuwarsa ta farko da uwa, an kuwa tsara ta yadda zai faɗa hannun wadda ya riga ya sani. Saboda kunyar ɗan fari da kuma al'adar riƙo, yara da yawa sun tashi ne a ɗakin wadda ba ita ta haife su ba. Baba ta Karo, wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta a 1949 da 1950, aka kuma buga shi a 1954, ta bayyana wannan al'ada filla-filla. Ita kanta ba ta haihu ba, amma ta reni 'ya'yan dangi har ta aurar. Yaron da ya tashi haka ya saba tun yana ƙarami da karɓar umurni da kulawa daga manya da yawa, watau ya riga ya sami rabin abin da zama gaban malam ke bukata.

Abu na biyu da gida ya tanada shi ne harshe. Da dare, bayan an ci tuwo, tsohuwa takan tara jikoki ta yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da Botorami. Mai ba da tatsuniya ba ta farawa sai masu sauraro sun amsa mata, ba a kuma katse ta sai inda aka zo waƙa a karɓa tare. A nan yaro ke koyon yin shiru ya saurara, da riƙe labari daga farkonsa zuwa ƙarshensa, da jiran a zo kansa kafin ya yi nasa. Kacici-kacici na koya masa lura da kamannin abubuwa, maganganun karya harshe kuma na gyara masa furucin ƙa da tsa da ɗa.

Na uku shi ne aike. Yaro ɗan shekara huɗu ko biyar akan danƙa masa kuɗi ya je maƙwabta ya sayo daddawa ko kuka. Dole ya yi sallama, ya durƙusa ya gai da matar gida, ya faɗi saƙo yadda aka ba shi, ya karɓo canji ya kawo daidai. Cikin wannan ɗan aiki akwai ladabi, da riƙon magana, da ƙirga, da sanin hanya. Wasanni ma ba su tafi banza ba: carafke na horar da yatsu da ido tare da ƙidaya, langa na ƙarfafa jiki, wasan 'yar tsana da ginin laka na buɗe tunani. Babu wanda ya kira waɗannan abubuwa da sunan shiri, amma su ne shimfiɗar da karatu ya zo ya zauna a kai.

Shiga Makarantar Allo

Makarantar allo iri biyu ce. Akwai ta tsangaya, inda almajirai ke barin gida su bi malami, akwai kuma ta unguwa, wadda ake yi a zauren malam ko gindin bishiyar ƙofar gidansa, yara su je da safe da yamma su komo gida su kwana. Ta biyun ita ce ta shafi wannan lacca, domin ita ce mafi yawan ƙananan yara maza da mata suka fara shiga.

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne, wannan makaranta ba ta da ranar ɗaukar ɗalibai. Yaro yakan fara ne da bin yayyensa tun yana shekara uku ko huɗu, ya zauna a gefe ba allo ba alƙalami, yana wasa yana jin karatu. Kafin a ankara ya kama Fatiha da ƙananan surori da ka. In an ga ya natsu, sai uba ya kai shi da kansa, tare da 'yar sadaka ta gumba ko waina, a saya masa allo, malam ya yi masa addu'a ya rubuta masa. Malamin nan maƙwabci ne, watakila shi ya raɗa wa yaron suna, kuma a hannunsa ko a hannun mahaifinsa uban yaron ya yi nasa karatu. Abin da ake biya shi ne kuɗin Laraba gwargwadon hali, Alhamis da Juma'a kuma hutu ne.

Na biyu, an shirya karatun hawa-hawa. Akan fara da babbaƙu, watau sanin baƙaƙe ba tare da wasali ba, sa'an nan farfaru, inda ake ɗora musu wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a da ɗauri, daga nan a shiga haɗa baƙi. Malaman dauri sun yi wata hikima a nan, domin sun laƙa wa baƙaƙen Larabci sunayen Hausa masu bayyana siffarsu: am baki wofi, lam jaye, ha kuri, ɗa mai hannu. Baƙon harafi ya shigo wa yaro ke nan da sunan gida. Bugu da ƙari, kowane yaro da allonsa da inda ya tsaya. Ba a wanke masa allo sai ya iya, ba a kuma jiran wani kafin a ƙara masa. Saboda haka babu batun faɗuwa jarrabawa, babu maimaita aji.

Ba za a ce wannan tsari ba shi da aibu ba. Dorina ta yi yawa a hannun wasu malamai da gardawa, alhali kuwa Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya riga ya yi gargaɗi cikin Muƙaddima cewa tsanantawa na cutar da ɗalibi, musamman ƙarami, tana kashe masa zuciya tana koya masa ƙarya da yaudara. Sanin ma'anar abin da ake karantawa akan bar shi sai an girma an shiga makarantar ilmi, wadda ba kowa ke kaiwa gare ta ba. 'Yan mata kuma akan cire su da wuri saboda aure, abin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki malaman zamaninsa a kai, 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kuma yi ƙoƙarin magancewa ta hanyar 'yan taru da jajinsu. Duk da haka, dangane da ƙofar shiga kaɗai, tsarin ya yi nasara ƙwarai. Ƙididdigar zamanin Gwamna Lugga, wajen 1914, ta nuna akwai makarantun allo kimanin 25,000 a Arewa, masu ɗalibai fiye da 200,000, ba tare da hukuma ta gina ko ɗaki guda ko ta tilasta wa kowa ba.

Zuwan Boko

Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, sun kuma yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, saboda haka aka taƙaita aikin mishan a ƙasashen sarakunan Musulmi. Likita Mila ya sami zama a birnin Zariya ya buɗe 'yar makaranta, amma ba ta yaɗu ba, daga baya ma aka mai da aikin Wusasa. Makarantar gwamnati ta farko da ta kafu sosai ita ce wadda Hans Vischer, mutumin Suwizalan da Kanawa suka laƙa wa Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909. Ya fara da horar da malamai, sa'an nan 'ya'yan sarakuna da masu koyon sana'a. Da Hausa ake koyarwa, cikin baƙaƙen Romawa, yara na sanye da tufafinsu na gida, ana kuma karantar da addini. Daga nan aka buɗe makarantun larduna, aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, makarantun 'yan mata na farko kuma a Kano da Katsina a 1930.

Duk da wannan taka-tsantsan, jama'a ba su yarda ba. Sunan da suka ba abin ma ya isa shaida. An daɗe ana zaton kalmar boko ta samo asali ne daga kalmar littafi a Turanci, amma a 2013 masanin harshe Paul Newman ya nuna cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai ma'anar algus ko abin da ba na gaskiya ba, kamar yadda ake cewa amaryar boko. Uban da ke ganin abu na jabu ne, ba zai shirya ɗansa dominsa ba.

Saboda haka aka koma kamu. Razdan ya faɗa wa sarki yawan yaran da ake bukata, sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya ɗora wa dagatai, dagaci kuma ya duba gidan da ba shi da mai tsaya masa. Iyaye suka riƙa ɓoye yara a rumbu, ko su haɗa su da malami a tafi gabas karatu, ko su ba da toshiya a tsallake gidansu. Wasu masu sarauta suka ba da 'ya'yan barorinsu a madadin nasu, suka zo suna da-na-sani bayan shekaru, sa'ad da waɗannan yara suka zama ma'aikatan En'e. A wannan zamani, shirin da yaro ke samu a gida na gudun makaranta ne, ranar shigarsa kuwa ranar koke-koke ce, dogari na gaba uwa na kuka a soro.

To, amma me ya sa da yawa daga cikin waɗanda aka kama ɗin suka yi fice? Dalili biyu ne. Na farko, ba ƙanana ba ne ainun. Yawancinsu sun kai shekara bakwai zuwa goma, kuma sun riga sun yi shekaru a makarantar allo. Sun san zama gaban malam, sun san riƙon alƙalami, sun san cewa zane a kan allo na wakiltar sauti, wanda shi ne babban sirrin karatu kowane iri. Sauya hannu daga dama zuwa hagu, da koyon sababbin baƙaƙe, ƙaramin aiki ne ga wanda ya riga ya gane wannan. Na biyu, da Hausa ake karatun elementare na shekara huɗu, Turanci sai an je midil ake shigarsa sosai. Hukumar Fassara, wadda ta zama Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta tanadi littattafai, har aka sami Magana Jari Ce ta Abubakar Imam a ƙarshen shekarun 1930, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Littattafan farko irin su Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu sun sa yaro ya fara karanta kalmomin da yake furtawa kullum. Watau allo da harshen gida su suka yi wa boko aikin shiri, ko da yake ba a cika yaba musu a kan haka ba.

Sai dai yawan waɗanda suka shiga bai taka kara ya karya ba. A 1957, shekara uku kafin samun mulkin kai, ɗaliban firamare a duk Jihar Arewa kimanin 185,000 ne, alhali na Kudu sun haura miliyan 2. Abin lura a nan shi ne, bayan kusan shekara hamsin da buɗe Nassarawa, 'yan boko ba su kai yawan 'yan makarantar allo da aka ƙirga a 1914 ba.

Shekarar 1976

Jihar Yamma ta fara ilmin firamare kyauta a 1955, Jihar Gabas ta bi sahu a 1957, Arewa kuwa ta ci gaba a hankali saboda ƙarancin malamai da kuɗi. A Janairun 1974 Janar Yakubu Gowon ya yi shela a Sakkwato cewa za a ba kowane yaro ilmin firamare kyauta, gwamnatin Janar Obasanjo kuma ta ƙaddamar da shirin, wanda aka fi sani da U.P.E., a Satumbar 1976. An yi tanadin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai ga kimanin miliyan 3 sun bayyana.

Wannan shiri ya canza ma'anar shiga makaranta baki ɗaya. A karo na farko aka ce kowane ɗan shekara shida, na birni da na ƙauye, mace da namiji, ya zo rana ɗaya ya fara darasi ɗaya. Da yake yawancin yara ba su da takardar haihuwa, sai hedimastoci suka riƙe tsohuwar dabara: yaro ya ɗora hannu bisa kansa ya taɓo kunnen ɗaya gefen, in ya kai a rubuta shi, in bai kai ba a ce ya dawo baɗi. Gwajin na da ɗan tushe, domin hannun yaro na ƙara tsawo gwargwadon kansa yayin da yake girma, amma ba ya faɗin kome game da harshensa ko natsuwarsa, kuma yakan mai da yaron da yunwa ta tsumburar gida alhali shekarunsa sun kai.

Azuzuwa suka cika maƙil, wasu a gindin bishiya. Aka horar da malamai cikin gaggawa, aka ɗauki waɗanda ba su da horo, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976 domin ta cike giɓin. Malamin da ke gaban yara sittin ko tamanin ba shi da halin ya bi kowane yaro da inda ya tsaya kamar yadda malamin allo ke yi. Wanda ya zo da shiri ya bi ayari, wanda bai zo da shi ba aka bar shi a baya, ana ciyar da shi aji gaba kowace shekara bai iya haɗa baƙi ba.

Akwai kuma wani ɓangare da masu tsara shirin ba su duba ba. Binciken da Enid Schildkrout ta yi a birnin Kano a shekarun 1970 ya nuna cewa matan kulle sun dogara ne ga yara wajen sana'arsu: su ke kai talla, su ke sayo kayan haɗi, su ke kai saƙo. Ribar tallan yarinya kuma da ita ake tara mata kayan ɗaki. Uwar da aka ce ta saki 'yarta kowace safiya, an taɓa mata jari da mutuncinta na ranar biki. Ba jahilci kaɗai ya sa irin wannan uwa ta ƙi shirya 'yarta ba, lissafi ta yi. Makarantun Islamiyya, waɗanda suka fara yaɗuwa tun shekarun 1950 da aji da benci da allon bango, sun taimaka wajen rage ƙyamar tsarin aji, musamman ga 'yan mata.

Makarantun Reno da Batun Harshe

Tunanin keɓe wa ƙananan yara makaranta tasu ya girmi Nijeriya. Froebel ya fara tasa a Jamus wajen 1840, Mariya Montessori ta buɗe tata a birnin Rum a 1907, dukansu kuwa a kan wasa da aikin hannu suka gina koyarwarsu. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta karɓi wannan tunani. Ta ce a yi wa yara 'yan shekara uku zuwa biyar makarantar share fage domin sauƙaƙa musu tashi daga gida zuwa makaranta, a koyar ta hanyar wasa, kuma da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin ke yi. Amma gwamnati ta bar gina waɗannan makarantu a hannun masu zaman kansu.

Sakamakon haka a bayyane yake. Makarantun reno suka tsiro a birane domin 'ya'yan ma'aikata da 'yan kasuwa, kuma abin da suke sayarwa shi ne Turanci, domin shi iyaye ke so su ji a bakin yaro. Wasa ya koma gefe, aka ɗora wa ɗan shekara uku jakar littattafai da aikin gida da jarrabawa, a wasu wuraren har akan hukunta shi in ya yi Hausa. Ɗan talaka kuwa ya ci gaba da zuwa aji ɗaya kai tsaye, ko ya raɓa da yayansa a matsayin ɗan rabin aji. Sai a shirin ilmin bai ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, da dokarsa ta 2004, aka sanya kula da ƙananan yara cikin aikin hukuma, bugun manufar ilmi na 2013 kuma ya ƙara shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya a makarantun gwamnati. Aiwatarwa dai ta bambanta daga jiha zuwa jiha.

Game da harshe, hujjoji sun daɗe da samuwa. Hukumar UNESCO ta ba da shawara tun 1953 cewa a fara koyar da yaro da harshensa. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida, Turanci kuma ya zama darasi a hannun gwanin malami, ya nuna cewa waɗannan yara ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin kansa. Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello ma ta gudanar da shirin kyautata ilmin firamare a shekarun 1970, wanda ya tanadi littattafan Hausa na ƙananan azuzuwa. Duk da haka, gwajin karatu da aka yi a jihohin Bauchi da Sakkwato a 2011 da 2013 ya gano cewa mafi yawan yaran ƙananan azuzuwa ba su iya karanta ko kalma guda ta Hausa ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da harshen uwa a duk shekaru shida na firamare, a Nuwamban 2025 kuma ministan ilmi ya ba da sanarwar janye wannan manufa da komawa Turanci. Ko wace manufa ce ke aiki, yaron da ke shiga aji ɗaya a Gumel ko Illela da Hausa yake tunani, da ita kuma zai fahimci duk abin da za a fara gaya masa.

Sai batun lafiya, wanda tarihin ilmi ya cika mantawa da shi. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya haura rabi. Ƙwaƙwalwa tana yin mafi yawan girmanta ne kafin shekara shida. Yaron da ya rasa abinci a wannan lokaci, ya iso aji ɗaya da nauyin da malami ba zai iya sauke masa ba.

Kammalawa

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Tarihin da aka bi a nan ya nuna abubuwa huɗu da suka sa shiga makarantar allo ta zo da sauƙi: yaro ya san malamin, ya san wurin tun kafin a rubuta masa allo, an yi masa magana da harshensa, kuma iyayensa sun yarda da abin da za a koya masa. Boko ta zo ba ta da ko ɗaya sai harshe, daga baya ma ta yi sakaci da shi. Babu cikin huɗun nan wanda ke bukatar kuɗi mai yawa.

Gidan da ke da yaro ɗan shekara huɗu ko biyar yana da halin ya mai da su. A yi hira da yaron, a ba shi tatsuniya a kuma bar shi ya maimaita ta, a amsa tambayoyinsa ko da sun yi yawa. A aike shi, a sa shi ya ƙirga cokula ko awaki, a bar shi ya yi zane a ƙasa da tsinke ko a takarda da fensir. Ya san cikakken sunansa da na mahaifinsa da unguwarsu, ya iya kewayawa da wanke hannu da sa tufafinsa da kansa, ya iya faɗin abin da ke damunsa ga babban da ba na gidansu ba. A kammala masa rigakafi, a karɓo masa takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya, a lura ko yana ji sosai yana kuma gani sosai, domin sau da yawa yaron da ake kira daƙiƙi kunnensa ne ke ciwo. Makonni kaɗan kafin a buɗe makaranta a saba masa da kwanciya da wuri da karyawa da safe, ko da koko da ƙosai ne. Kada a mai da malam dodon da ake tsorata shi da shi in ya yi laifi. Uba kuma ya kama hannunsa ya kai shi ya ga makarantar, ya gaisa da malamin aji ɗaya a gabansa, kamar yadda kakansa ya yi a zauren malam.

Nauyin da ke kan hukuma shi ne ta sa ajin share fage ya tabbata a makarantar ƙauye kamar yadda ya tabbata a takarda, ta kuma daina tura malami mafi ƙarancin horo zuwa aji ɗaya, domin a nan ne aka fi bukatar gwani. Malaman allo na unguwa, waɗanda har yanzu su ke fara karɓar yawancin yaran ƙasar Hausa, ya kamata a ɗauke su abokan aiki a wannan fage, tun da tarihi ya nuna sun daɗe suna yi wa firamare shiri ba tare da an roƙe su ba.